Kwandon da Milutin Ya Tura Ta Sama

Mu uku ne muke fatsa a bakin kogin Tamish tun gashin kanmu yana baƙi: ni Radoye, da Obrad, da Milutin. Obrad ke kama kifi, ni ke dafawa, Milutin ke ba da labari. In muka taso da 'yan ƙanana biyar a bokiti, kafin mu iso unguwa bakin Milutin ya mai da su ashirin, wanda ya tsere kuwa tsawonsa ya kai ƙyauren ɗaki. Shekara talatin da takwas ya yi yana gyaran injin jirgin ƙasa, kuma a faɗarsa tun ranar da ya yi ritaya jirgi bai sake isowa garinmu Panchevo a kan lokaci ba. Ba wanda ya taɓa tuna masa cewa ko lokacin da yake aikin ma ba ya isowa.

Da annobar korona ta shigo, aka ce duk wanda ya kai sittin da biyar kada ya taka ko ƙofar gida. Ni saba'in da ɗaya, Milutin saba'in da huɗu, Obrad saura mako uku ya cika tamanin. Muka jingine sandunan fatsa a bayan ƙofa, duniyarmu ta koma baranda. Benenmu da na su Obrad suna kallon juna, tsakar gida ce a tsakani, mai taku arba'in, da bishiya ɗaya da motocin mutane. Milutin yana hawa na huɗu, ni ina ƙarƙashinsa, Obrad yana hawa na huɗu a wancan ɓangaren.

Da farko Obrad yakan fito da safe ya ɗaga mana kofin gahawa. Daga baya ya daina. Matarsa ta rasu da hunturun da ya wuce, 'yarsa tana Jamus ba hanyar zuwa. Labulensa ya koma a rufe, in ka kira wayarsa sai ya ce, "Lafiya lau nake," ya kashe. Stamenka, wadda ke hawa na biyu a benensu, ita ce mai kai masa abinci, don shekarunta sittin da uku, doka ba ta hau kanta ba. Ita ce ke sayo wa dukanmu magani da burodi. Ta ce tana ajiye kwano a ƙofarsa, washegari ta tarar da shi a waje, ko rabi bai ci ba.

Ranar da ta faɗi haka daga tsakar gida, Desanka matar Milutin ta share hawaye da gefen ɗankwalinta. Milutin kuwa ya dafa ƙarfen baranda, ya gyara murya.

"Ai dole ya ƙi ci! Mutumin da ya saba jawo abincinsa daga ruwa za ku ajiye wa kwano a ƙasa kamar kyanwa? Ku bar mini wannan. Zan ja igiya daga nan har barandarsa, kwando ya riƙa kai masa abinci da zafinsa, da takardar gaisuwa a ciki."

Stamenka ta ɗago kai. "Maƙwabci, taku arba'in ne fa. Ƙafafuna ba su ce sun gaji ba."

"Ƙafa kayan da ne. Wannan aikin injiniya ne."

"Yaushe ka zama injiniya?" in ji Desanka daga cikin ɗaki. "Ni dai makaniki na aura."

"Ke dai dafa waken, ki bar maza su yi tunani."

Washegari da hantsi ya fito sanye da hular fatsarsa, wadda ya soka wa ƙugiyoyi kewaye. Ya ɗaura dalma a bakin zare, ya ce jifa ɗaya zai yi ta sauka a barandar Obrad, daga nan a ja igiya mai kauri. Ya leƙo ƙasa wajena.

"Radoye, ka buɗe ido ka koya. Ba kullum ake ganin irin wannan kyauta ba."

Ya wulwula sanda, ya saki. Dalmar ta tafi ta naɗe a saman bishiya, tattabaru suka watse.

"Iska na gwada," ya ce.

Ya yanke zare, ya ɗaura wata. Jifa na biyu ya wuce bishiya lafiya, ya sauka a igiyar shanyar Stamenka. Don son burgewa ya bar ƙugiya a jikin zaren, ga shi kuwa da ya ji nauyi sai hannunsa ya yi abin da ya saba shekara arba'in: ya fizga, ya hau naɗewa. Muna kallo wata doguwar rigar barci ja mai furanni ta taso daga shanya, ta ratsa tsakar gida tana rawa a iska.

Stamenka ta fito da ludayi a hannu. "Milutin! Tsohon banza! Ina za ka kai mini riga?"

"Kuskure ne na lissafi, maƙwabciya."

"Lissafin ne ya zaɓi ja ya bar tsummokin goge-goge? Desanka, fito ki ga abin da mijinki yake kamawa da tsufansa!"

Desanka ta fito, ta dubi rigar, ta dubi mijinta. "Cire ta a hankali kada ka yaga. Kuma in ka kuskura ka ce ta kai tsawon ƙyaure, sai na jefa ka ƙasa."

Jifa na uku ya faɗa kan rufin shara. Na huɗu ya tafi da tukunyar tumatir ɗina, wadda na yi wata guda ina lallaɓawa. Kafin azahar barandu sun cika, mutanen da suka yi mako biyu ba abin kallo sai labarin asibiti a talabijin suka fito da kujeru. Wani daga hawa na biyar ya fara ƙirga masa da ƙarfi. A jifa na goma sha ɗaya dalmar ta daki gilashin tagar Obrad, ƙwas! Bai fashe ba.

Labule ya motsa. Obrad ya fito cikin rigar sanyi, gemu ya cika masa fuska, ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ya duƙa ya ɗauki dalmar, ya juya ta a tafin hannu.

"Kana sakin zare da wuri," ya ce. "Shekara arba'in ina gaya maka."

"Obrad, ɗan'uwana! Ja zaren, igiya na biye. Ka ɗaure ta a ƙarfe, ɗaurin jirgin ruwa, in ka manta in koya maka."

Obrad ya ja, ya ɗaure, ya koma ciki ya saki labule. Bai tambayi ko ta mece ce ba.

Milutin ya juyo ga jama'a ya ɗaga hannu biyu. "Kun gani? Daidai inda na auna."

Ranar Alhamis aka yi gwajin farko. Desanka ta dafa miyar wake da kyafaffen nama, ƙamshinta har ɗakina. Milutin ya sa tukunyar cikin kwandon cefane, ya rataya shi a igiya da zoben labule, ya tura shi da sandar shara. Kwando ya zame sumul, mutane suka fara tafi. Yana kaiwa tsakiya igiya ta lotsa, ya tsaya cak.

"Hutawa yake yi," in ji Milutin.

"Ko tikiti ake duba masa?" in ji mutumin hawa na biyar. "Jirgin Milutin ke nan, ko a sama sai ya makara!"

Milutin ya girgiza igiya, kwando ya yi lilo bai matsa ba. Ya ɗaga ta sama da sandar shara, ya hau kujera, Desanka na riƙe da bayan rigarsa tana kiran sunayen waliyyai. Awa biyu ana abu ɗaya. Hankaki ya zo ya zauna a bakin kwandon, ya ture murfi, ya ci abin da zai ci, ya tafi ya kira 'yan'uwansa.

"Radoye," Milutin ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "miƙo mini sandarka doguwa."

"Ba zan bayar ba."

"Kai fa ba ka da kishin kimiyya."

"Ina da kishin sandata."

Da ya rasa dabara sai ya kama igiya da hannu biyu ya fizga da dukan ƙarfinsa. Daidai lokacin Stamenka ta shigo tsakar gida daga kantin magani, jaka a kowane hannu, takunkumi a fuska. Kwando ya kife. Allah ya taimaka miyar ta huce, tukunyar kuma ta faɗi gefe, amma waken kaf a kanta ya sauka.

Ta tsaya ba ta motsa ba. Wake na gangarowa daga gashinta zuwa cikin jakar magani. Ta ɗago kai a hankali.

"Maganin hawan jininka na cikin jakar nan, Milutin. Yau da miya za ka sha shi."

"Maƙwabciya, ai da kin bi ta gefe..."

"Shekara ashirin ina bin nan, sama ba ta taɓa zubo wake ba!"

Na ɗauka abin ya ƙare ke nan. Da yamma na ji Milutin ta saman kaina yana zagaye ɗaki, yana ja da ƙarafa. Da safe ya leƙo, idanunsa na ƙyalli.

"Na gano matsalar. Ba ƙarfi a tafiyar. Abin inji yake so."

"Ina za ka sami inji kana kulle a ɗaki?"

Amsar ta zo bayan rabin awa, da muryar Desanka, har sai da karnukan unguwa suka taya ta.

"Injin wankina! Mile," haka take kiran mijinta, "ka kwance mini injin wanki? A cikin annobar nan da ake cewa a wanke komai?"

"Aro na yi. Kwana uku in mayar, har ya fi da aiki."

"Haka ka ce da agogon babana, yau shekara goma sha biyu yana cikin kwali! To ga baho, ga sabulu. Daga yau kai ne injin."

Haka aka yi. Da safe mu ga injiniya a baranda yana cuɗa zanen gado, da rana yana ɗaura waya. Ya cire ƙafafun tsohon kekensa, ya zare tayoyin, ya sami gare biyu. Ɗaya zai zauna a barandarsa haɗe da inji, ɗaya a barandar Obrad, igiya ta zagaye su biyun. Sai da Desanka ta yi wa Stamenka alkawarin kwalbar zuma kafin ta yarda ta kai garen ƙofar Obrad, tare da takardar bayani shafi huɗu da zane-zane. Obrad ya fito, ya kafa garen cikin minti goma, ya shimfiɗa takardar a ƙasa ya ɗora takalminsa a kai, ya koma ciki.

Milutin ya sa ranar buɗewa Lahadi, ranar da Obrad ke cika tamanin, ƙarfe huɗu na yamma. Ya kira kowa a waya, wanda ba shi da lambarsa ya ƙwala masa kira ta baranda. Ya ɗaura ƙugiyoyin ƙarfe shida a jikin igiyar, ya ce nan gaba kowa zai iya rataya saƙonsa, kuma ba zai karɓi ko dinari ɗaya ba a watan farko. Desanka ta toya kek mai gyaɗa hawa uku, ta shafe shi da farin kirim, irin wanda matar Obrad takan yi masa. Ta ce Stamenka ta kai da ƙafa.

"Kek ɗin shekara tamanin ya tafi a ƙasa kamar na marayu?" in ji Milutin. "Ta sama zai je."

"Mile, ƙwai goma ne a ciki."

"Ko digo ba zai motsa ba. Na sa wuyana."

"Wuyanka ba ya yin kek."

Amma ta ba shi. Daga baya ta gaya mini ta ga yadda yake roƙonta, ta tuna rabonsa da barcin kirki tun ranar da ya ga ramar Obrad.

Ƙarfe huɗu ba barandar da ba mutum. Stamenka ta fito da lema, ta buɗe ta, ko da yake ba hadari. Milutin ya sa farar riga da lakataye a sama, a ƙasa kuwa wandon zaman gida mai roba, don a ganinsa ba mai kallon ƙasa. Muka haɗa baki muka yi ta kiran Obrad har ya fito, ya tsaya hannu a aljihu.

Milutin ya yi jawabi. Ya faro daga ranar da ya fara aiki a tashar jirgi, ya bi ta kan wani injin da ya ce ya tayar da shi da cokali mai yatsu cikin dusar ƙanƙara, yana shirin shiga tarihin kakansa mutumin hawa na biyar ya ce, "Kek ɗin zai cika tamanin shi ma!" Aka yi dariya. Milutin ya rataya kwando, ya duƙa, ya danna.

Abin da bai lissafa ba shi ne, injin wanki gudu biyu gare shi: na wanki da na matse ruwa. Wayar da ya haɗa ta matsewa ce.

Inji ya yi wata ƙara kamar jirgin sama zai tashi. Kwando ya fita fiit, kafin ka ƙifta ido ya wuce bishiya. Obrad ya sunkuya. Kwando ya daki garensa, ya yi juyi, ya kamo hanyar dawowa da gudun da ya fi na zuwa.

"Kashe! Kashe!" in ji Desanka.

"Yana daidaita kansa ne!"

Bai rufe baki ba kwando ya iso. Hawa na sama na kek ɗin ya tashi ya zauna masa a fuska, lakataye da komai. Kwando ya sake juyawa ya koma da sauran. A zagaye na biyu hawa na tsakiya ya rabu, ya yi ruwan kirim a tsakar gida, lemar Stamenka ta tare rabonta.

"Na faɗa muku!" take ihu. "Na faɗa muku!"

Milutin ba ya gani, kirim ya rufe masa ido. Ya juya baya, ya duƙa yana laluben waya ya cire. Ɗaya daga ƙugiyoyin nan shida ta zo wucewa ta kama robar wandonsa ta baya. Ya rungume ƙafar teburin da injin ke kai. Igiya na ja, shi yana riƙe, Desanka ta kama shi ta ƙugu. Sai ƙafafunsa suka tashi sama, silifas suka yi nasu wuri, wando ya zare sumul ya haye ƙarfen baranda. Nan take wani abu ya yi tartsatsi, wutar benenmu gaba ɗaya ta ɗauke, inji ya yi shiru.

Wandon ya tsaya a tsakiyar igiya, daidai saman bishiya, ƙafafu biyu na lilo. Milutin ya miƙe a baranda da farar riga da lakataye da gajeren wando mai zanen jiragen ruwa, fuska fal kirim, ƙafafu sirara farare kamar na zalɓe.

Sai muka ji wani sauti daga wancan ɓangaren, kamar tsohuwar ƙofa na buɗewa. Obrad ne. Ya dafa ƙarfe, kafaɗunsa na girgiza, dariya na fita da ƙyar kamar ta yi tsatsa. Can ta ɓalle masa gaba ɗaya, har da tari, har da hawaye, har ya zauna a ƙasa. Daga nan tsakar gida ta ɗauka. Ni kaina sai da na cire haƙoran roba na riƙe a hannu don kada su bi tumatir ɗina.

"Ƙaramar matsala ce ta waya," in ji Milutin, yana jan mayafin tebur yana ɗaurawa. "Gobe in..."

"Gobe ka mayar mini da injina," in ji Desanka.

Obrad ya tashi ya shiga ɗaki. Na ce shi ke nan, labule zai sake rufuwa. Sai ga shi ya fito da sandar fatsarsa, yana hure mata ƙura. Ya duba ƙugiya, ya jiƙa yatsa ya ji iska, ya ɗan karkata kafaɗa. Jifa ɗaya. Ƙugiyar ta tafi a hankali ta sauka a aljihun wandon. Ya ɗan girgiza, wando ya saki igiya, ya naɗe shi har barandarsa. Tafin da aka yi masa sai da aka ji shi a bakin titi.

Ya ɗaga wandon ta ƙugu, ya jinjina nauyinsa, ya leƙa cikin kwandon da ya maƙale kusa da garensa. Hawa na ƙasa na kek ɗin yana nan, ya lotse gefe ɗaya. Ya sa yatsa ya lakato, ya kai baki, ya daɗe yana taunawa. Ya sake lakatowa.

"Desanka," ya ce, "hannunki na nan yadda na san shi."

Desanka ta rufe baki da tafin hannu.

Milutin ya share kirim daga ido. "To, kun gani ko? Kek ya isa ko bai isa ba? Obrad, ɗan'uwana, a ba Stamenka wandon ta kawo mini."

"Ni?" in ji Stamenka daga ƙarƙashin lema. "Ƙafa ai kayan da ne."

"Abin da na kama nawa ne," in ji Obrad. Ya shanya wandon a ƙarfen baranda, ya sa masa maƙalai biyu, inda kowa zai gani. "In an buɗe gari ka tako da ƙafarka ka karɓa. Ka zo da gahawa, tawa ta ƙare. Radoye, kai ma."

"Wa ya san ranar da za a buɗe?" in ji Milutin. "To, in aka kai wata uku fa?"

Obrad ya jawo kujera, ya zauna, ya ɗora kwandon a cinya.

"Ko shida ne," ya ce, bakinsa cike da kek. "Ina nan, ba inda za ni."